Kwat ɗin da Baba Yusuf Bai Sa Ba

Kwana huɗu na yi a Jarwal kafin in yarda an cuce ni. Jarwal tsohuwar unguwa ce kusa da Masallacin Ka'aba, otal-otal a bakin titi, a bayansu kuma lunguna masu hawa dutse inda ake cusa irinmu. Mutumin da ya tarbe ni a Jidda, wani dogo mai haƙorin Makka, ya kai ni wani ɗaki a hawa na uku, ya karɓi fasfona, ya ce gobe bayan Azahar zai dawo da shi da bizar Italiya a manne. Haka dillalin da ya shirya mini tafiya a Kano ya tsara: in shigo da bizar Umara, wai bizar Italiya ta fi sauƙin samu daga Saudiyya, daga nan sai jirgi zuwa wani kamfanin ɗinki da ke neman teloli ido rufe. Ni tela ne ɗan tela, a Fagge aka haife ni. Na sayar da keken ɗinkin marigayi mahaifina na shiga wannan hanya, kuma a gaban maƙwabta na ce wa Innata ba za ta sake ganina ba sai na taka Italiya. Wannan maganar ita ta fi komai yi mini nauyi daga baya.

Dillalin ya ba ni wani abu da ya sa na ƙara yarda da shi. Shafi goma sha biyu ne na littafin koyon Italiyanci, duk a kan tufafi, ya ce in haddace domin a kansu masu kamfani za su yi mini tambaya. Wata biyar na yi ina haddarsu. Ina taka keke ina karantawa: mi vesto, ti vesti, si veste, wato ina sa kaya, kana sa kaya, yana sa kaya. Ƙafata ta sauka a kan ci vestiamo, ta ɗago a kan vi vestite, ta koma a kan si vestono. Na gane suna da kalmar shiryawa gaba ɗaya, da ta ɗora abu guda a jiki, mi metto, da ta kasancewa sanye da abu, porto, da ta tuɓewa, mi tolgo. Na ce ashe su ma kamar mu ne, da muke sa riga, mu ɗaura zane, mu naɗa rawani, mu yafa mayafi. Riga camicia, wando pantaloni, takalma scarpe, kwat kuma giacca. A shafin ƙarshe akwai zanen wata uwa tana miƙa wa ɗanta kwat a bakin ƙofa, an rubuta a ƙasa: mettiti la giacca, fa freddo. Sa kwat, ana sanyi. Wannan kaɗai ce cikakkiyar magana da na iya daga farko har ƙarshe.

Mu uku ne a ɗakin Jarwal, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa inda za shi, don kada a yi masa baki. A rana ta huɗu na fito da takarduna ina bita, don in hana zuciyata tunani. Sai Lawwali, wani mai shayi daga Gusau da ke kwana kusa da taga, ya leƙo.

"Malam Habibu, ina ka samo wannan?"

Na ce masa sirri ne. Sai ya zuge jakarsa ya ɗauko nasa. Takarda iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, sai dai nasa duk zanen burodi ne da kofuna da cokula. Nawa sun ƙare a shafi na hamsin da takwas, nasa sun fara daga hamsin da tara. Na ukunmu, wani manomi daga Maraɗi, ya tashi zaune a hankali ya zaro nasa daga ƙarƙashin matashi, tumatir da albasa ne a kai. Littafi ɗaya aka saya aka yayyaga mana, kowa aka ba shi babin sana'arsa. Na daɗe ina kallon lambobin nan biyu bakina a buɗe. Ba kuka na yi ba, ba kuma dariya ba. Na yi zaton idan za a cuci mutum, aƙalla za a saya masa littafi cikakke.

Lawwali ya miƙa kansa ga hukuma a satin, aka mayar da shi gida. Na Maraɗi ya bi wasu 'yan garinsu. Ni kuwa na tuna fuskokin maƙwabta, na tuna gurbin keken mahaifina a shago, na ce ko za a yi me ba zan koma ba. Bizata ta ƙare, fasfo babu, na zama ɗaya daga cikin masu tafiya a Makka suna waiwaye.

Daga Jarwal sai Utaibiyya, unguwa mai cunkoso da tsofaffin gidaje. Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai a lungu ta ji ni tela ne, ta haɗa ni da Ammu Bakur. Ammu kawu ke nan a bakin mutanen can. A Makka aka haife shi, kakansa ne ya zo aikin Hajji a ƙafa daga Haɗeja bai koma ba. Yana da shagon jallabiya da abaya, a bayan shagon kuma akwai ɗaki da keke biyu. Ya ba ni yadi ya ce in yi wuyan jallabiya. Ya juya shi ciki da waje, ya ja da ƙarfi, bai ɓalle ba.

"Tayyib. Hannunka yana da kyau, ya waladi. Amma ka ji sharaɗi. Babban titi, la. Ka ga motar jawazat, kada ka yi gudu, masu gudu suke kamawa. Wani ya tambaye ka iƙama, ka ce tana wajen kafili. Fahimt?"

Jawazat su ne jami'an shige da fice, kafili shi ne ɗan ƙasar da ke tsaya wa baƙo, iƙama kuma katin zama, abin da ba ni da shi. Na ce na fahimta.

Shekara ɗaya da rabi na yi a ɗakin nan. Abin mamaki bai ƙare mini ba. 'Ya'yan Ammu Bakur baƙaƙe ne kamar ni, da kammanin mutanen Haɗeja sak, amma in na ce musu sannu da aiki sai su yi murmushi su amsa da Larabci. Ranar Juma'a kuwa matarsa takan aiko mini da tuwon shinkafa da miyar kuka. Ranar farko na buɗe kwanon, ƙamshin daddawa ya buge ni, na rufe ƙofa na yi kukan da ban yi a Jarwal ba. Kewar Inna ta dame ni ƙwarai, amma in mun yi waya sai in ce mata ana nan ana shirin takardu.

Ban daina bita ba. In keke ya ɗauki gudu sai bakina ya kama da kansa: indosso, indossi, indossa, indossiamo, ina sanye, kana sanye, yana sanye, muna sanye. Ammu Bakur ya raɗa mini suna Ɗan Italiya.

"Ya Ɗan Italiya, halas mana. Nan Makka ce. Ka koyi Larabcin da zai fisshe ka, wa za ka yi wa wannan yaren, almakashi?"

Wata safiya ina baya ina ɗinki na ji wata murya a shago ta ce, "È troppo lunga." Ƙafata ta tsaya a kan keke. Na san lunga, na san troppo, suna shafi na hamsin da biyu: ta yi tsawo da yawa. Na ɗauka kunnena ne ya fara taɓuwa. Na ɗaga labule, abin da Ammu Bakur ya hana ni yi in akwai baƙi. Wani tsohon Bature ne gajere mai tumbi, kansa a aske ƙwal, sanye da farar jallabiya tana jan ƙasa, kusa da shi wata tsohuwa ta naɗa mayafi a karkace. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Sì. Troppo lunga."

Su biyun suka juyo. Tsohon ya dafe ƙirji, ya zubo mini magana kamar an buɗe famfo. Ban tsinci komai ba sai kalma ɗaya, sarto, tela, yana faɗa yana nuna kansa. Na nuna kaina ni ma na ce sarto. Ya rungume ni a tsakiyar shago. Ammu Bakur ya tsaya da tef a wuya, ya kalle ni, ya kalli tsohon, ya ce, "La ilaha illallah. Ashe yaren gaske ne."

Ni kaina a ruɗe nake. Ban taɓa kawowa a raina akwai Musulmi a cikin Turawan Italiya ba, balle a ce su biyo ni har Utaibiyya. Sunansa Giuseppe, da ya musulunta ya koma Yusuf, matarsa kuma Rosa. Na sa musu suna Baba Yusuf da Mama Rosa. Su kaɗai suka zo Umara, ba cikin ayari ba, wani direban tasi ne ya kawo su shagon. Na durƙusa zan kama lafin jallabiyar, sai ya karɓe allurar daga hannuna, ya zauna a kujera ya yi da kansa. Na ga ɗinkin hannu a rayuwata, amma ban ga irin wannan ba. Na ɗaga yadin ga haske ina neman zaren, ban same shi ba.

Kwana biyar a jere suna zuwa bayan sallar Azahar. Mama Rosa ta zauna gaban fanka tana gyangyaɗi, mu kuma muna baya muna hira irin ta mutanen da ba su da abin faɗa sai tufafi. In ina son tambayar lafiyarsa sai in ce, "Oggi porti il cappello," yau ka sa hula, shi kuma ya yi dariya har da tari. Ya koya mini ago, allura, da filo, zare, da forbici, almakashi. In magana ta yi tsawo sai ya yi ta a wayarsa, wayar ta juya mini ita zuwa Larabci, wanda a lokacin na ɗan iya. Ta haka na ji labarinsa. Yana da shago a wani ƙaramin gari kusa da Napoli. Wani tela ɗan Senegal mai suna Musa ya yi masa aiki shekara ashirin, bai taɓa ce masa ya musulunta ba, sallarsa kawai yake yi a bayan teburin yanka. Musa ya rasu bai ga Makka ba. Bayan rasuwarsa ne Baba Yusuf ya karɓi kalmar shahada, Mama Rosa ta bi shi, a cewarta don kada a raba musu makwanci a lahira.

A rana ta huɗu ya duba wata abaya da na gama, ya daɗe yana shafa kafaɗar. Sai ya yi magana a waya ya miƙo mini. Wai kujerar Musa tana nan ba kowa, shi kuma Baba Yusuf cikin 'ya'yansa ba mai son allura, in ya koma gida zai ga lauya a kan takarduna. Ya sa na rubuta masa cikakken sunana a bayan katin shago. Na karanta saƙon sau uku. Na mayar masa da wayarsa, ranar nan sau biyu na ɗinke hannun riga a baibai.

Abu ɗaya ya rage masa kafin su tafi, yana son yin Umara ta biyu a madadin Musa. Matsalarsa harami, yadin nan biyu farare da maza ke ɗaurawa. A Umararsa ta farko na ƙasan ya kusa zame masa a tsakiyar ɗawafi, da hannu ɗaya ya riƙe shi har ya gama. Ya zo da shi shago, ya ɗauki allura yana kashe mini ido, wai ɗinki uku kawai zai yi a ƙugu, ba wanda zai gani. Na ƙwace allurar na ce masa a'a, ni zan raka shi in ɗaura masa. Ammu Bakur bai so ba, amma masallacin Tan'im inda ake ɗaukar harami ba nisa, kuma ya san abin da nake fata a wurin tsohon.

Da hantsi muka isa. A ɗakin canza kaya na tsaya a bayan ƙofa ina ba shi umarni da ɗan abin da na iya.

"Ti togli la camicia. Ti togli i pantaloni. Ti togli tutto."

Tuɓe riga, tuɓe wando, tuɓe komai. Ya fito yana riƙe da yadin kamar mai tsoron iska. Na sa ya buɗe ƙafafu, na zagaya masa na ƙasan, na ninka bakin sau uku na murɗe shi a kan cibiya yadda muke yi wa zanen wanka, na ja na ga bai motsa ba. Na yafa masa na saman. Ya tsaya gaban madubi, ya shafa gefen yadin daga sama har ƙasa yana neman ɗinki irin na mai sana'a. Sai ya yi wata 'yar dariya, idonsa ya kawo ruwa.

"Cinquant'anni con l'ago in mano, e Dio mi chiama senza una cucitura. Questo è il vestito più bello."

Na sa ya maimaita, ya kuma sa a waya. Shekara hamsin da allura a hannu, ga shi Allah ya kira ni ba ɗinki ko ɗaya, wannan ita ce tufar da ta fi kowacce kyau. Maganar ta yi mini daɗi, na yi ta nanatawa a hanya har ta zauna, yadda na saba yi wa takarduna. Na sa su a tasi zuwa Masallacin Ka'aba, ni kuma na bi lungu na koma Utaibiyya, domin ƙofofin masallaci ba wurin marar iƙama ba ne.

Ana kiran Azahar wayar shago ta yi ƙara. Na ji Ammu Bakur yana ta cewa na'am, na'am, muryarsa tana raguwa. Ya ɗaga labule ya shigo, abin da bai saba ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tsohonka ya faɗi a ɗawafi, zagaye na uku. Zuciya. Ya rasu, ya waladi."

Na ce masa ai yanzu na ɗaura masa harami. Sau biyu na faɗa, kamar hakan zai canza wani abu.

"Daga mustashfa suke kira, asibiti. Matar ta ƙi sa hannu a ba da gawar, tana ta kuka, ba mai jin yarenta. Katin shagonmu suka gani a jakarta." Ya dafa kafaɗata. "Na ce musu mai jin yaren ba ya nan. Isma, saurara, Habibu, kada ka je. Akwai shurɗa a wurin, 'yan sanda. Kafin ka buɗe baki za su ce iƙama. Wanda zai kai ka Italiya ya tafi, kada ka bi shi da abin da ya rage maka."

Gaskiya ya faɗa, kuma na sani. Na koma kan keke na zauna, na ɗora ƙafa, ƙafar ta ƙi takawa. Tsoro nake ji sosai, ba zan ɓoye ba. Amma na yi ta ganin tsohuwar nan da mayafinta a karkace, a garin da ba ta san kowa ba sai wani tela mai shafi goma sha biyu. Na tashi na sa takalmi. Ammu Bakur ya fita ya tsayar mini da tasi.

A asibitin wani ɗan sanda matashi ne zaune da takardu a bakin ofis. Na ce ni ne mai fassara. Ya ce sunan mai fassara da lambar iƙamarsa za su shiga takarda, ya miƙo hannu. Na tuna ƙaryar kafili da aka koya mini, na ga ba ta da amfani. Na ce ba ni da ita. Ya ɗago ya kalle ni, ya kalli can ƙarshen baranda inda kuka ke fitowa.

"Ba'dain," ya ce. Sai an jima.

Mama Rosa tana zaune a benci ta rungume wata doguwar jaka mai zif. Da aka raka ta otal ɗauko fasfo, da ita ta dawo. Wayar mijinta a kulle take, ba ta san lambar ba, in ma'aikata suka miƙo tasu wayar tana fassara sai ta toshe kunne. Tana ganina ta miƙe ta zuge jakar. Baƙin kwat da wando, farar riga a goge, safa, da takalma sai ƙyalli suke. Ta yi ta nuna ƙofar ɗakin gawa tana cewa vestire, vestire. Sai da ta maimaita na gane. So take a sa wa gawa kwat. Har da takalmi. Ban taɓa jin inda aka sa wa mamaci takalmi ba, ina zai taka? Da hannu da guntayen kalmomi ta fahimtar da ni sauran. A garinsu haka ake yi, mutum yana tafiya da mafi kyawun kayansa, wanda aka binne a tsumma kuwa an wulaƙanta shi. Baba Yusuf da hannunsa ya ɗinka wannan tun kafin ya musulunta, ya ajiye don wannan rana. Likita ya gaya mata zuciyarsa ta gaji, shi ya sa ta ɓoyo kayan a ƙasan akwati bai sani ba.

Na je wurin wani dattijo mai kula da wankan gawa in tambayi likkafani, don in nuna mata ai sabon yadi ne fari, ba tsumma ba. Sai ya ce ba likkafani. Wanda ya rasu cikin harami a nan, a cikin yadinsa biyu ake binne shi, ba turare, ba a kuma rufe masa kai, domin a haka zai tashi yana Labbaika. Na ce mu a gida ba haka muka sani ba. Ya ce ya sani, amma nan haka ake yi. Na dawo baranda. Abin da ni kaina yanzu na fara ji, shi zan gaya wa matar da ta ɗauko takalma tun daga Napoli.

Na durƙusa a gabanta. Ban san kalmar mutuwa ba, ban san kabari ba, ban san tashin ƙiyama ba, ba sa cikin babina. Na karɓo yadin saman haraminsa daga hannun dattijon na ɗora mata a cinya.

"Mamma Rosa. Lui non si mette la giacca. Lui porta questo."

Ba zai sa kwat ba, wannan yake sanye da shi. Ta girgiza kai da ƙarfi, ta ƙanƙame jakar, ta ce no, no, ta faɗi wata kalma da na gane daga fuskarta cewa tawul take nufi. Sai bakina ya koma inda ya saba. Na taɓa farin yadin na nuna ƙirjina, na nuna ta, na nuna ɗan sandan da dattijon da duk masu wucewa.

"Io mi metto questo. Tu ti metti questo. Noi ci mettiamo questo. Tutti."

Ni ma fari zan sa, ke ma, mu duka. Ta daina girgiza kai amma ba ta saki jakar ba. Sai na tuna abin da na haddace da safe. Na faɗa mata shi yadda ya faɗa, har da inda muryarsa ta karye: shekara hamsin da allura a hannu, ga shi Allah ya kira ni ba ɗinki ko ɗaya, wannan ita ce tufar da ta fi kowacce kyau.

Ta ƙura mini ido. Ta san ba Italiyancina ba ne, ta san maganar waye. Ta tambaye ni, "Giuseppe?" Na ce sì, na nuna agogo, na nuna safiya. Ta ɗauki yadin ta bi gefensa da yatsa daga sama har ƙasa, daidai yadda ya yi a gaban madubi, ta kifa fuskarta a ciki. Da ta ɗago sai ta zuge jakar ta rufe, ta miƙa hannu aka ba ta biro. Kafin ta sa hannu ta kama wuyan hannuna.

"Vestilo tu."

Kai ka shirya shi. Ta kwaikwayi yadda yadi ke zamewa daga ƙugu, ta girgiza yatsa. Ko a kabari ba ta son ya zame masa.

Ɗan sandan ya ɗauki hoton yatsuna, ya rubuta sunana da lambar wayar shago. Ya ce in je in binne mutumina, gobe da safe in zo in same shi. A wurin wanka na ɗaura wa Baba Yusuf harami karo na biyu a yini ɗaya, ninki uku a kan cibiya, na ja na ga bai motsa ba. Bayan La'asar aka yi masa salla a Masallacin Ka'aba. Na shiga ta babbar ƙofa ɗauke da makara a kafaɗa, a gaban jami'an da na shekara ina gudu, ba wanda ya tambaye ni komai. Dubban mutane suka sallaci tela daga Napoli, ba su san sunansa ba.

Ammu Bakur ya ce in gudu garin Ɗa'if, yana da ɗan'uwa a can. Na ce lambar shagonsa ce a takarda, in ban je ba wurinsa za su zo. Sai ya ce, "Wallahi kai mahaukaci ne, ya Ɗan Italiya," ya juya baya yana gyara jallabiyun da ba su karkace ba.

Da safe na biya otal ɗin Mama Rosa a Jarwal, layi biyu daga ɗakin da aka yaudare ni. Ɗanta yana hanya zai zo ya tafi da ita. Na nuna mata da hannu cewa an binne shi, ɗaurin kuma bai zame ba. Ba ta san inda za ni daga nan ba, ba ni da kalmomin gaya mata, ko da ina da su ma ba zan faɗa ba. Ta shiga ciki ta fito da kwat ɗin. Rana ta riga ta fara dukan Makka, gumi yana bin bayana. Ta buɗe shi ta riƙe mini ta baya yadda ake yi wa yaro.

"Mettiti la giacca."

Na zura hannuwana. A raina na ƙarasa mata sauran, fa freddo. Kuma an yi sanyin, domin sati uku na yi a gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu, na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa, kwat ɗin nan shi ne bargona.

Da shi na sauka a Kano, ba jaka, ba tsaraba. Da na shigo layinmu a Fagge matasan bakin shago suka miƙe suna taɓa kafaɗata, wai ɗan Italiya ya dawo, kaya sun nuna. Kunya ta hana ni gyara musu. Inna tana tsakar gida a kan tabarma. Ta rungume ni ta yi kukanta, sannan ta ja baya ta dube ni sama da ƙasa. Shekara talatin ta yi tana auren tela. Ta kama hannun kwat ɗin, wanda ya tsaya mini nesa da wuyan hannu.

"Wannan ba kai aka auna ba, Habibu."

"Ba ni ba ne, Inna."

"Ka ga Italiyar?"

"Ban gan ta ba."

Na zauna a gefen tabarmar na gaya mata komai, tun daga littafin da aka yayyaga har zuwa ninki ukun da na yi a kan cibiyar tsoho. Ba ta katse ni ba, ba ta kuma tambayi keken mahaifina ba. Da na gama ta ce in tuɓe kwat ɗin. Ta juya shi ciki waje a kan cinyarta, ta ɗaga shafin ga hasken rana, ta matso da shi kusa da idonta tana neman zaren. Ta daɗe tana nema.

"Allah ya ji ƙansa," ta ce. "Ya iya ɗinki."